Ƙato Bayan Ƙato A Intanet: Ko Ganin Ƙidaya Na Karkatar Da Mai Ƙuri'a?

A ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na ma'aikata masu adashin gata, da na 'yan gari ɗaya mazauna birni, zaɓen shugabanni ya fara barin zauren taro ya koma cikin wayar hannu. Sakataren ƙungiya ya jera sunayen 'yan takara, ya ce an buɗe zaɓe daga yanzu har zuwa gobe da la'asar, kowa ya danna sunan wanda yake so daga inda yake zaune. Ba kuɗin mota, ba hayar kujeru, ba jiran wanda ya makara. Sai dai wannan sauƙi ya zo da wani abu guda wanda ba kasafai ake tsayawa a dube shi ba, watau duk wanda ya zo jefa ƙuri'arsa yakan tarar da ƙidayar waɗanda suka riga shi a buɗe.

A ɗauka ma'aikaci ne ya taso daga ofis a gajiye, bai duba wayarsa ba sai bayan sallar isha'i. Ya tarar ana zaɓen ma'aji. Wanda yake ganin ya fi riƙon amana yana da ƙuri'a 6, abokin karawarsa kuwa yana da 41, a cikinsu har da ta shugaban sashensu a wurin aiki. To, ƙuri'ar da zai jefa a wannan dare, ita ce wadda zai jefa da bai ga kome ba? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin wanda ya ci shi zai riƙe kuɗin jama'a shekara biyu ko uku.

Su kansu kamfanonin da ke ƙera waɗannan hanyoyi ba su yi baki ɗaya a kan amsar ba. Sa'ad da WhatsApp ya fito da hanyar jin ra'ayi a watan Nuwamba na 2022, ya bar ƙidaya a fili, kowa na iya duba wa ya zaɓi wa, kuma mutum na iya janye ƙuri'arsa ya mayar wa wani. Twitter kuwa, da ya fito da tasa hanyar a 2015, ya tsara ta yadda mutum ba zai ga ƙidaya ba sai ya jefa tasa ko kuma an rufe. Yawancin ƙungiyoyi ba su taɓa zama sun zaɓi ɗaya daga cikin tsarin biyu ba. Abin da suka tarar a wayarsu shi suka ɗauka.

TSOHON ZANCE A SABUWAR RIGA

Waɗanda suka yi wayo a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida ba su bukatar a yi musu dogon bayani, domin sun ga abin da idonsu. A zaɓen ƙananan hukumomi na watan Disamba na 1990, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa a ƙarƙashin Shehun Malami Humphrey Nwosu ta kawo tsarin da jama'a suka raɗa wa suna ƙato bayan ƙato. Masu zaɓe su yi layi a bayan hoton wanda suke so, a ƙirga su da ƙarfi a gaban kowa. Hujjar hukumar mai ƙarfi ce, domin ba akwatin da za a cusa wa ƙuri'un ƙarya, ba kuma wanda za a sace. Amma an yi ta kukan cewa ma'aikatan gwamnati da masu sarauta da malaman addini da yawa sun gwammace su zauna a gida da a gan su a layin wani, kuma ɗan haya ba ya iya tsayawa a layin da ba na mai gidan ba. Kafin zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, 1993, an gyara tsarin, mutum ya dangwala a ɓoye ya jefa a fili. Ƙasar Kenya ta ɗanɗana irin wannan a 1988 a zamanin Shugaba Daniel arap Moi, aka yi ta ƙorafin cewa a wasu wurare gajeren layi aka ce shi ya ci, har aka yi watsi da tsarin a 1990.

A can baya ma, a tsohuwar daular Rum, akan yi ƙuri'a a fitar da rukuni guda na masu zaɓe ya fara jefawa, a sanar da wanda ya zaɓa tun sauran ba su jefa ba, kuma mutanen zamanin sun ɗauki wannan sanarwa a matsayin alamar wanda zai ci. A kotun soja kuwa, bisa al'adar Ingila, ƙaramin hafsa ne ke fara faɗin hukuncinsa, babba ya zo daga ƙarshe, don kada girman mukami ya rufe bakin na ƙasa. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a taron da Babban Sakatare ya fara faɗin ra'ayinsa ya san dalilin wannan ƙa'ida.

ABIN DA YA FARU A WIKIPEDIA

Babu wata al'umma ta intanet da ta daɗe tana kokawa da wannan batu kamar editocin Wikipedia, kundin ilmin nan da aka kafa a 2001, wanda masu aikin sa-kai ke rubutawa cikin harsuna da yawa, har da Hausa. A sashensa na Turanci akwai wasu editoci da ake kira masu gudanarwa, waɗanda ke da ikon goge shafi, da kulle shi, da dakatar da editan da ya addabi jama'a. Shekara da shekaru hanya ɗaya ce ta samun wannan mukami. Ɗan takara ya tsaya kwana 7 a gaban jama'a, kowane edita ya rubuta ko ya goyi baya, ko ya ƙi, ko yana tsaka-tsaki, ya faɗi dalilinsa, ya sa hannu da sunan da aka san shi da shi. A saman shafin kuma ga ƙidaya tana hawa tana sauka. Wanda ya haura kashi 75 cikin 100 galibi ya ci, wanda ya gaza kashi 65 galibi ya faɗi, na tsakani kuwa sai wasu 'yan tsirarun amintattu su auna hujjojin da aka kawo.

Wannan ƙato bayan ƙato ne sosai, sai dai shi layinsa kwana 7 yake yi ba a watse ba. Editocin sun daɗe da lura da wasu halaye nasa. Abokan ɗan takara su ne kan fara zuwa, saboda haka kusan kowane zaɓe yakan soma da goyon baya mai yawa. Idan wani sanannen edita ya tono wani tsohon kuskure ya ƙi, sai a ga masu ƙi sun fara kwararowa, da yawansu ba su kawo sabuwar hujja ba illa su ce sun bi ra'ayin wane. Ɗan takara yana zaune yana kallon ƙidayarsa na zubewa awa bayan awa, ba dama ya yi ta mayar da martani don kada a ce ya cika gardama. Da yawa sukan janye tun kwanakin ba su cika ba.

Yawan masu cin zaɓen ya yi ta raguwa. A 2007 an naɗa masu gudanarwa fiye da 400. A 2021 mutum 7 kacal aka naɗa. Dalilan raguwar suna da yawa, ciki har da tsaurara sharuɗɗan da masu zaɓe ke nema, amma editoci da dama sun faɗa a fili cewa ba aikin suke gudu ba, makon tonon sililin nan suke gudu.

Tun a 2009 aka mayar da zaɓen kwamitin da ke raba manyan rigingimu na sashen Turanci zuwa ƙuri'ar sirri, ta wata hanya da ake kira SecurePoll, inda ba mai ganin ƙidaya sai an rufe an tantance. Sai a watan Oktoba na 2024 aka gwada irin wannan a zaɓen masu gudanarwa. Aka ware kwanaki na tattaunawa da yi wa 'yan takara tambayoyi, sa'an nan aka jefa ƙuri'a a ɓoye, aka ce sai wanda ya sami kashi 70 cikin 100. Mutum 32 suka kai ga ƙuri'a, 11 suka ci. Abu biyu suka fito fili. Na ɗaya, mutane sun fito takara da yawa irin yadda aka daɗe ba a gani ba. Na biyu kuwa, goyon bayan da ko mafi farin jinin 'yan takara ya samu ya yi ƙasa da abin da aka saba gani a zaɓen fili, inda ba abin mamaki ba ne mutum ya tashi da kashi 95 ko fiye. Ashe a cikin taron nan da ke cewa “na goyi baya” akwai masu jin kunyar cewa a'a, akwai kuma waɗanda suka ga layin ya yi tsawo suka yi shiru suka wuce.

Amma a nan wajibi ne ɗalibi ya yi hattara. Ƙuri'ar sirri abu biyu take ɓoyewa a lokaci guda, watau ƙidaya da kuma sunan mai jefawa, saboda haka ba a iya cewa ga rabon kowannensu a wannan bambanci. Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan. A 2010 wasu masana uku na jami'o'in Amurka, Jure Leskovec da Daniel Huttenlocher da Jon Kleinberg, sun bi diddigin dubban zaɓuɓɓukan Wikipedia ƙuri'a bayan ƙuri'a. Sun gano cewa mai zaɓe yakan auna ɗan takara da kansa, watau idan ya fi ɗan takarar yawan aiki a shafin ba ya saurin goyon bayansa, kuma mutane sun bambanta ƙwarai wajen yadda ƙidayar da suka tarar ke tafiya da ƙuri'arsu. Sai dai duk wanda ke duban tsofaffin ƙuri'u yana fuskantar tarko guda. Idan na farko sun zaɓi mutum, na baya ma suka zaɓe shi, mai yiwuwa ne na bayan sun bi na gaba, mai yiwuwa ne kuma mutumin kirki ne kurum, kowa ya gani da kansa. Ba a raba waɗannan biyu sai da gwaji.

GWAJE-GWAJEN MASANA

Gwajin da ya fi kusa da wannan tambaya shi ne wanda Lev Muchnik da Sinan Aral da Sean Taylor suka buga a mujallar Science a 2013. Sun haɗa kai da wani dandalin labarai na intanet inda masu karatu ke rubuta sharhi, wasu kuma su ba sharhin ƙuri'ar yabo ko ta kushe. Cikin wata 5 sun bi sharhi 101,281. Da zarar an rubuta sharhi, na'ura kan canki wasu ta ba su ƙuri'ar yabo guda ta ƙarya, wasu ta ba su ta kushe guda, sauran ta ƙyale su. Da yake canka ce ba zaɓi ba, ba a iya cewa waɗanda aka yaba sun fi sauran kyau.

Ƙuri'a ɗaya tak ta ƙarya ta yi aiki. Yiwuwar mai karatu na gaba ya yabi sharhin ta ƙaru da kashi 32 cikin 100 a kan yadda take, kuma a ƙarshe matsakaicin makin irin waɗannan sharhi ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. Ba ana nufin kashi 32 na jama'a sun sake ra'ayi ba, ana nufin abin da a da yake faruwa sau 100 ya koma faruwa sau 132. Abin sha'awa kuma, ƙuri'ar kushe ba ta yi irin wannan tasiri ba, domin mutane sun riƙa zuwa suna gyara ta, kamar dai an ga ana zaluntar wani an kawo masa ɗauki. Watau jama'a sun fi saurin bin yabo ido rufe fiye da bin suka.

Kafin wannan, a 2006, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na Jami'ar Kolombiya sun buɗe wata kasuwar waƙoƙi ta gwaji, suka zuba waƙa 48 na mawaƙan da ba a sani ba, mutum 14,341 suka shiga. Aka raba su gida-gida. Wani gida ba ya ganin kome sai sunayen waƙoƙi, sauran gidaje 8 kuwa kowanne yana ganin sau nawa mutanen gidansa suka sauke kowace waƙa. A gidajen da ake ganin ƙidaya, tazarar da ke tsakanin ta gaba da ta baya ta yi faɗi, sa'an nan waƙar da ta yi fice a wannan gida sai a tarar da ita can tsakiya a wancan. Waƙoƙin da suka fi kyau ba kasafai suke faɗuwa warwas ba, mafiya muni kuma ba kasafai suke yin fice ba, amma a tsakanin nan kome na iya faruwa, gwargwadon abin da 'yan farkon zuwa suka so. A 2008 biyu daga cikin masanan suka buga sakamakon wani gwajin, inda suka juya ƙidayar da gangan, ta ƙarshe ta koma ta farko. Yawancin waƙoƙin sun bi ƙidayar ƙarya, sai dai mafiya kyau sun riƙa farfaɗowa sannu a hankali.

Sharhi da waƙa ba ma'aji ba ne, kuma mutum ya fi damuwa da wanda zai riƙe masa kuɗi fiye da waƙar da zai saurara minti uku. Amma darasin ya dace da zaɓen ƙungiya ta fuska guda. Inda ɗan takara ya yi zarra, ko ya yi ƙaurin suna, ganin ƙidaya ba zai sake kome ba. Inda 'yan takara suka yi kusa da juna, masu zaɓe kuma ba su san su sosai ba, kamar ƙungiyar da 'ya'yanta suka rabu shekara 20 suna warwatse a jihohi, a nan ne waɗanda suka riga buɗe waya za su iya yanke wa kowa hukunci.

TA INA ABIN KE SHIGA?

Hausawa kan ce da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma sau da yawa wannan hankali ne ba wauta ba. Wanda bai san 'yan takara ba, ya ga mutum 40 sun nufi wuri guda, yana da dalilin zaton sun san abin da bai sani ba. A 1992 masana tattalin arziki Sushil Bikhchandani da David Hirshleifer da Ivo Welch suka nuna inda wannan hankali ke kai jama'a ya baro. A ce mutum biyu na farko sun zaɓi wane. Na uku zuciyarsa ta ɗan fi karkata ga ɗayan, amma ya ce kai biyu sun fi ɗaya, ya bi su. Na huɗu ya zo ya ga ƙuri'a uku, bai san cewa ta ukun bi kurum ta yi ba, shi ma ya bi. Haka za a yi ta tafiya har ƙuri'a 40, alhali sanin mutum biyu ne kaɗai a cikinsu. Kowa ya yi abin da ya dace da hankalinsa, amma taron bai ƙaru da sanin kowa ba. Shahararren labarin Francis Galton yana nuna kishiyar wannan. A wata kasuwar baje kolin dabbobi a Ingila a 1906, mutane suka yi ta cankar nauyin naman wani sa, kowa ya rubuta a takardarsa shi kaɗai. Da Galton ya jera takardu 787, ta tsakiyarsu ta ce laba 1,207, nauyin gaskiya kuwa laba 1,198 ne. Taron ya dace ne domin ba wanda ya leƙa takardar wani.

Akwai kuma kunya da tsoro. A gwajin da Solomon Asch ya fara a Amurka a 1951, akan zaunar da ɗalibi cikin wasu mutane da aka haɗa baki da su, a nuna musu zane-zanen layi a ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a fili take, amma sai mutanen su faɗi ta kuskure ɗaya bayan ɗaya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin ɗaliban sun bi kuskuren, kuma kimanin uku cikin huɗu na ɗaliban sun bi aƙalla sau ɗaya. Da aka bar ɗalibi ya rubuta amsarsa a ɓoye, bin ya ragu ƙwarai. Haka kuma da aka sami mutum ɗaya tak a cikin taron ya faɗi gaskiya. Waɗannan ɗalibai baƙin juna ne, ba mai cin abinci a hannun wani. Ina ga ƙaramin akawu da sunansa zai fito a ƙarƙashin ɗan takarar da maigidansa ba ya so?

Sa'an nan akwai wanda ba ya sake ra'ayi, zama kurum yake yi. Ƙasar Faransa ta ba da misali mai kyau a kan wannan. Tana da yankuna a ƙetaren teku ta yamma, irin su Gwadalup da Martinik, waɗanda saboda bambancin lokaci a da sukan ci gaba da zaɓe bayan an riga an sanar da hasashen sakamako a Faris. Daga baya aka gyara doka suka koma yin zaɓe ran Asabar, kwana guda kafin sauran ƙasar. Rebecca Morton da abokan aikinta sun kwatanta kafin gyaran da bayansa, suka buga a 2015 cewa sanin sakamako tun da wuri yana rage fitowar masu zaɓe da kimanin kashi 11 cikin 100, waɗanda suka fito kuma sun fi karkata ga wanda aka ce yana gaba. A Amurka ma, a zaɓen 1980, gidan talabijin na NBC ya ce Ronald Reagan ya ci tun ƙarfe 8 da kwata na dare agogon gabas, Shugaba Jimmy Carter kuma ya amsa kaye fiye da awa guda kafin a rufe rumfuna a Kalifoniya. 'Yan jam'iyyarsa masu neman kujerun majalisa a yamma sun yi kuka mai zafi, ko da yake masana sun yi saɓani a kan yawan ƙuri'un da abin ya ci.

Wani abin da ƙidayar fili ke haifarwa ba a kan mai zaɓe yake ba, a kan ɗan takara yake. Wanda ya ga an ba shi ratar ƙuri'a 5, kuma ga sunayen waɗanda ba su jefa ba tukuna, ya san lambobin da zai buga a daren nan. Idan kuma ana iya sake ƙuri'a, ya san waɗanda zai aika wa babban yayansu. Magoya bayan na uku kuwa, da sun ga nasu ba zai kai ba, sai su watse su koma wa ɗaya daga cikin biyun gaba, ko da a ce da an ɓoye ƙidaya shi zai zo na ɗaya. Zaɓen da aka ce na kwana guda ne sai ya zama ciniki na kwana guda.

HUJJAR MASU SON A BAR TA A BUƊE

Ba za a ce masu son ƙidayar fili 'yan bi yarima a sha kiɗa ne ba, domin hujjarsu tana da nauyi, musamman a wurin da aka sha ganin maguɗi. Idan sakatare ne kaɗai ke ganin ƙuri'u, wa zai tabbatar da abin da ya sanar? A rumfar zaɓe akwai akwati da wakilan 'yan takara, a waya kuwa ba abin da ido ke gani. Ƙungiyar da ta ɓoye ƙidaya ba tare da hanyar tantancewa ba ta gudu daga wata matsala ta faɗa wadda ta fi ta.

Akwai kuma hujja ta ɗabi'a. Masanin nan na Ingila John Stuart Mill ya yi adawa da ƙuri'ar sirri a littafinsa na 1861 a kan mulkin wakilci, yana ganin ƙuri'a amana ce da mutum ke riƙe wa jama'a, saboda haka ya kamata ya iya kare ta a gabansu. Ingila ba ta bi shi ba, ta kafa dokar ƙuri'ar sirri a 1872, bayan wasu yankunan Ostareliya sun riga ta tun 1856. Amma ra'ayinsa bai mutu ba. Editocin Wikipedia da ke kare tsohon tsari irin maganarsa suke yi, cewa a fili dole mai ƙi ya kawo dalili, a ɓoye kuwa yana iya ƙin mutum don ƙiyayya kurum, kuma ɗan takarar da ya faɗi ba zai san abin da zai gyara ba. Har wa yau, hujjar da wani ya tono a rana ta uku tana iya zama gaskiya wadda ya kamata kowa ya ji. Ba duk bin na gaba ne makanta ba.

Sai dai idan aka duba da kyau, ana cakuɗa abubuwa uku ne da ba dole su tafi tare ba, watau jin hujjoji, da ganin ƙidaya ana cikin zaɓe, da iya tantance ƙidaya bayan an gama. Ana iya samun na farko da na uku ba tare da na biyu ba. Rumfar zaɓe ta Nijeriya ma a kan haka doka ta tsara ta, a dangwala a ɓoye, a rufe, sa'an nan a zazzage akwati a ƙirga a gaban kowa.

A intanet, ƙungiyar Debian, ta masu aikin sa-kai da ke haɗa manhajar kwamfuta tun 1993, ta daɗe da samun hanyar yin haka. Kowace shekara tana zaɓen shugaba. 'Yan takara su baje manufofinsu, a yi musu tambayoyi a fili na 'yan makonni, sa'an nan kowane ɗan ƙungiya ya jera su bisa fifiko ya aika. Ana cikin zaɓe ana iya ganin yawan ƙuri'un da suka shigo, amma ba a ganin inda suka nufa. Bayan an rufe sai a buga dukkan ƙuri'un, kowace da wata lambar sirri a gefenta wadda mai ita kaɗai zai gane, a kuma buga sunayen waɗanda suka yi zaɓe daban. Kowa na iya duba cewa tasa ta shiga yadda ya jefa ta, kowa na iya sake lissafin da kansa. A 2022, bayan wata ƙuri'a mai zafi da aka yi a 2021 wadda ta sa wasu suka ji tsoron tsangwama, ƙungiyar ta faɗaɗa wannan sirri zuwa sauran ƙuri'unta. Wata hanyar mai suna Helios, wadda Ben Adida ya fito da ita a 2008, ita ma tana ba mai zaɓe damar tantance ƙuri'arsa ba tare da an tona ta ba, kuma Jami'ar Katolika ta Luben a Beljiyam ta yi amfani da ita wajen zaɓen shugabanta a 2009.

Ƙaramar ƙungiya ba ta bukatar duk wannan ƙwarewa. Kwamitin zaɓe na mutum uku wanda kowane ɗan takara ke da wakili a cikinsa, da rajistar waɗanda suka cancanci zaɓe, da takardar zaɓe ta intanet wadda ba ta nuna sakamako sai an rufe, sun isa su raba ta da yawancin abin da aka zayyana a sama. Abin da ya fi wuya shi ne a yarda a kan ƙa'idar tun ba a san wanda za ta amfana ba, domin da zarar an buɗe zaɓe, wanda ke gaba ba zai so a rufe ƙidaya ba, wanda ke baya kuma duk abin da ya faɗa za a ce zafin kaye ne.

Su editocin Wikipedia ba su yanke wa ɗayan tsarin hukuncin kisa ba. A 2025 sun amince zaɓen sirri ya zauna, suka kuma bar tsohuwar hanyar kwana 7 a buɗe, ɗan takara ya zaɓi ƙofar da zai bi. A zaɓen sirri na biyu, wanda aka yi a watan Yuli na 2025, an sami ƙarin masu gudanarwa 9.